Kibod Talatin da Shida da Sani Ya Jera Kamar Ƙorai

'Yan matan layinmu sun sha leƙo ni ta kan katanga suna cewa, "Yaya Hajo, ke kam kin huta. Kina zaune bisa tabarma, ki juya kibod, ki ɗauki hoto da waya, shi ke nan." Wata cikinsu ma cewa ta yi in koya mata cikin kwana biyu, wai hutun makaranta gajere ne. Ban yi fushi ba. Na miƙa mata kibod guda na ce ta faɗa mini shekarunsa. Ta juya shi gaba da baya, ta ce ai ba a rubuta ba. An rubuta kuwa, har wuri huɗu, ita ce ba ta san inda ake dubawa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aikin yake, ko da rubutun nawa bai kai na 'yan boko ba, don ni aji huɗu na tsaya.

Kibod dai kun san shi, allon nan mai botin da ake dannawa a yi rubutu a kwamfuta. Na yanzu roba ce zalla, ba nauyi, in ya lalace sai bola. Amma akwai na da, waɗanda anka yi tun ban zo duniya ba. Su suna da farantin ƙarfe a ciki, kowane botin da ɗan sifirin ɗinsa, in ka danna sai ya ce ƙwas. Akwai mutane can ƙasashen waje da ke tara irinsu. Ban taɓa ganin ko ɗaya cikin mutanen ba, ban kuma san abin da suke yi da su ba. Abin da na sani, ba su saye sai sun san shekarar da anka yi shi da masana'antar da ta yi shi, kuma sai cikinsa da bayansa sun zama tare sunka fito, ba a musanya ba. Aikina ke nan: in karanta lambobi, in ce wanga na shekara kaza ne, kuma cikinsa nasa ne.

Wurin Kawuna na koya, yayan mahaifiyata, a Isa. Shekara da shekaru ya yi yana buga tafireta a ofis, har sunan ya bi shi, kowa Kawu Tafireta. Da ya bar aiki sai ya buɗe ɗan shago yana gyaran kayan ofis. Yanar ido ta fara rufe masa gani lokacin ina kai masa abinci, sai ya riƙa cewa, "Hajo, zo karanto mini wanga." Daga nan na zama idonsa.

Kibod na farko da ya ba ni, takardar bayansa ta yi datti. Sai na yi abin da kowace yarinya za ta yi, na lashi yatsa na murza. Dattin ya fita, lamba biyu sunka bi shi.

"Karanto mana," in ji Kawu.

"Kawu, na tsakiyar sun goge."

"Sun goge ko kin goge? Miƙo yatsanki." Ya shinshina, ya taɓa takardar ya ji danshi. "Ke! Abin da ya yi shekara talatin gara ba ta ci ba, ruwan sama bai ci ba, yawunki ya cinye yanzu-yanzu."

Bai doke ni ba. Ƙusa ya sa anka buga a bangon shago, ya rataye kibod ɗin da bayansa a waje, saitin inda nake zama. Shekara uku ina kallonsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai sukundireba mai bakin rami, wadda maƙeri ya goge mata wuya ta yi siriri, don sukurorin tsofaffin nan cikin rami mai zurfi suke. Akwai gilashin masu gyaran agogo da ake maƙalawa a ido. Sai gashin kaza na share ƙura, da alli, da faifai na zuba sukurori, da waya mai hoto. Ruwa ba ya cikin kayan aiki. Sabulu ba ya ciki. Lambar da ta koɗe, hantsi ake jira, a karkata takardar ga rana, sai ka ga sawun inda injin ya danna ko da tawadar ta tahi.

Ga yadda ake karantawa, a samfurin da ya fi zo mana. A gindin kibod akwai babbar takarda mai layi biyu. Layin sama lambar samfuri ce, ukun ƙarshenta su ke faɗin ko na Faransanci ne ko na Ingilishi. Ko ba lamba ma kana ganewa, don na Nijar layin haruffansu da A da Z yake farawa, namu na nan da Q da W. Layin ƙasa shi ne lambar kansa. Harafi ɗaya na farko masana'anta ce. Lamba biyu na bin sa shekara, biyu na gaba mako, sauran kuma shi ne na nawa a cikin waɗanda anka yi a makon. In na ga G, sai takwas da tara, sai sha huɗu, na san masana'antar G ce, shekara ta tamanin da tara, mako na sha huɗu. Wuri na farko ke nan.

Na biyu sai an buɗe. Jikin farantin ƙarfe akwai 'yar takarda kamar faɗin yatsa biyu, wanda ya haɗa kibod ɗin ya rubuta da biro lamba uku na ƙarshe, ya sa hannu. Na uku, bisa koren allon ciki akwai baƙin abu mai ƙafafu kamar shanshani, masu gyaran waya suna ce masa aisi, shi ma da shekararsa da makonsa. Dole aisi ya riga takardar gindi zuwa duniya da 'yan makonni, don sai da anka yi shi kana anka sa shi ciki. In ya zo bayanta, an musanya. Na huɗu, cikin robar kanta akwai da'ira kamar fuskar agogo, da kibiya tana nuna watan da anka zuba robar.

Masu saye kashi uku ne. Masu shagon buga takardu, su dai ya yi aiki, ba ruwansu da shekara. 'Yan jari-bola, su ƙarfen suke so, su fasa da guduma su ɗora bisa sikeli, kuma abin takaici mai nauyin da suke so shi ne mai darajar. Sai Alhaji Tukur, mutumin Kano, wanda ke biyowa ta Isa sau ɗaya a wata yana tattarawa yana turawa waje. Da shi muke aiki tun zamanin Kawu.

Wani dillali ya taɓa kawo mini guda uku, takardunsu fes, ya ce daga ɗakin ajiyar wani banki sunka fito. Na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi. Na sa gilashi. Takardar hoto ce anka buga a shago anka manna da gam, an canza lambobin don kada su zo ɗaya. Na ce, "Malam, wanga an yi shi a mako na hamsin da bakwai."

Ya ce, "To, ai kin ga tsoho ne."

Na ce, "Shekarar garinku mako nawa ce?"

Ya tsaya yana lissafi da yatsu. Sai ya kwashe kayansa, ko sallama bai yi ba.

Da anka yi mini aure na dawo Sabon Birni da kayan aikina cikin gwangwani. Maigidana manomi ne, da rani yana ɗan taɓa fatauci. Shi ke nemo kaya, ni ke karantawa. Muna zaune da mahaifiyarsa, Inna. Ɗiyarmu ta fari sunan Inna anka sa mata, don haka Mama muke ce mata.

Shekarar da za ni ba ku labari, Mama tana wata bakwai, kuma damina biyu a jere ruwa ya yanke mana gero yana cikin fitar da kai. Abin da munka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Awaki sun tahi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin rumbu ba abin da ya rage sai dami uku na irin shuka, wanda Inna ta zaɓa da hannunta zangarniya-zangarniya, ta ɗaure daban. Wanda ya ci irin shukarsa a shekara irin wannan, ko ruwa ya sauka sai dai ya tsaya yana kallon gonar wasu, don a kasuwa ba mai sayar maka da iri nagari, kowa nasa yake ɓoyo.

Sai labari ya zo cewa an buɗe ɗakin ajiyar wani ofishi da anka daɗe da rufewa can cikin Nijar, an fitar da tsofaffin kayan kwamfuta za a sayar wa 'yan bola. Maigida ya tahi ya gani. Ya kira ni ya ce kibod talatin da shida ne, duk masu nauyi, ya karanto mini lambobin guda uku ta waya. Na ce ya saye ko da mi. Ya dawo ya sayar da ragon da ya rage mana, ya koma ya biya. Yadda muke yi da Alhaji, in kaya sun iso ban buɗe ba sai in ɗauki hoton takardun gindi in tura masa, shi kuma ya turo rabin kuɗɗi a ranar. Da wannan rabin munka yi niyyar sayen hatsi.

Ɗauko kayan anka ba Sani, abokin Maigida tun suna yara, ɗan kabu-kabu a Burkusuma. Ya san duk wata ƙaramar hanya ta iyaka. An yi da shi sawu biyu zai yi.

Bayan azahar na ji mashin ya tsaya ƙofar gida, sai muryarsa: "Salamu alaikum! Ku fito ku ga aikin manya!" Sunka shigo da buhu uku shi da Maigida, ya sauke tsakar gida yana haki yana dariya.

"Uwargida, kin ga dabara? Sawu biyu na mai da ɗaya. Man sawu guda na rage muku."

Ya kwance buhun farko. Gindayen kibod ne zalla, an jera wani cikin wani. Buhu na biyu marafan sama, su ma haka. Na uku farantan ciki, botin na kallon botin, an sa tsumma tsakani.

Maigida ya ce, "Sani, mi ka yi haka?"

"Kwance su na yi mana. Abu duk iska ce a ciki, ya cika wuri a banza. Haka nike ɗauko wa mata ƙorai, ƙarama cikin babba, ko ɗaya ba ta taɓa fashewa ba. Kuma a hanya ko tsai da ni ba a yi ba, kowa ya leƙa sai ya ce bola ce."

Na ce, "Malam Sani, da kana kwancewa ka sa wa kowane alama?"

"Alama ta mi? Ai duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kowace hula kika ɗauka za ta shiga kan kowane." Ya zaro gwangwanin madara daga aljihu ya girgiza. "Ga sukurorinku, ko ɗaya bai ɓace ba. Ki ƙirga in kina so."

Na zauna bisa turmi. Shi kuwa sai kallonmu yake yana jiran a gode masa.

Na kira Alhaji na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Hajo, kayan da aka buɗe ba na saye a hoto. Zan biyo ta Isa nan da kwana tara. Ki kawo in buɗe da kaina. In kowanne ya koma gidansa, zan ɗauka. In haɗe-haɗe ne, ki kai wa masu sikeli."

Na kira Kawu. Lokacin idon ya riga ya rufe gaba ɗaya.

"Kawu, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Muryarki ba daidai take ba. Yarinyar ce?"

"A'a, kaya ne." Na ba shi labari.

"Guda nawa?"

"Talatin da shida."

Sai ya ce, "Wane jaki ne ya yi wanga aiki?"

"Abokin Maigida ne."

"To, Allah ya shirya abokin maigidanki. Ki fara da masu takarda. Kada ki ɗaure ko ɗaya sai kin gama duka. Kuma ki ci abinci."

Inna tana bakin murhu, duk ta ji. Ta ce, "Ni ban san lambobinku ba. Abin da na sani, buhun ga kwana biyar ya rage mai. Ran da ya ƙare, rumbu za ni shiga."

Maigida ya ce, "Inna, irin shuka ne hwa."

"Ni za ka faɗa wa? Wa ya zaɓe shi? Mai shayarwa ba ta kwana da yunwa cikin gidan ga, ina raye."

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarmi uku gindin dogon yaro. Gindaye a ɗaya, farantai a ɗaya, marafa a ɗaya. Kowane guntu na sa masa lamba da alli don kada kaji su bi ta kai su hargitsa mini. Mama tana bayana. Akwai wani ɗan warwaro na roba a hannunta, kowace safiya kafin in taɓa kibod sai na tura shi sama in ga inda zai tsaya. A farkon rani wuyan hannu yake tsayawa. A makon nan yana kaiwa kusa da gwiwar hannu.

Farantai ashirin da ɗaya 'yar takardarsu tana nan. Wannan aiki mai sauƙi ne, lamba uku na biro ka nemo gindin da ya ƙare da su. Duk da haka kwana biyu ya ci, don rubutun mutanen can bakwai ɗinsu da sanda a tsakiya, ɗayansu kuma da dogon baki, kuma ni ban yarda da idona sau ɗaya ba, sai na duba sau uku. Marafan sama na bi su da agogon roba da launi, don wanda ya zauna kusa da taga ya fi yin rawaya, kuma gindinsa ma gefe guda zai nuna.

Sauran sha biyar gara ta cinye takardunsu, sai sawun gam. Nan na koma kan aisi. Na jera gindaye bisa ga makonsu, daga babba zuwa ƙarami, na jera farantai su ma bisa makon aisinsu. A ashirin da ɗayan farko na lura cewa na masana'antar G aisi yana riga takarda da mako biyar ko shida, na ɗaya masana'antar kuma da mako tara zuwa goma. Ba wanda ya faɗa mini wannan, a tabarmar na gani. Da shi na haɗa tara. Wannan ya ci wasu kwana uku.

Rana ta shida buhu ya ƙare. Inna ta ja shi da kunu har ya ƙara kwana ɗaya bisa abin da ta ce, amma ya ƙare. Ina zaune da gilashi a ido na ji ta jingina tsani jikin rumbu. Ban ɗaga kai ba. Na ji faɗuwar dami a ƙasa, na ji ta kwance igiya, can na ji sussuka. Maigida ya ɗauki hularsa ya fita. Da la'asar ta ajiye mini ƙwaryar fura kusa da faifan sukurori.

"Sha."

"Inna, na ƙoshi."

"Ba ke na dama wa ba. Takwarata na dama wa, ta cikinki za ta bi. Sha."

Na sha. Ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, don geron zaɓaɓɓe ne.

Shida sunka rage, kuma su ne masu wuya. Duk masana'anta ɗaya, mako ɗaya, aisinsu ma ɗaya. Lamba ta ƙare aikinta. Na kira Kawu na ce na kai bango. Ya ce, "Shekara nawa sunka yi kwance cikin ɗakin nan? Ba su kaɗai sunka zauna ba. Ki duba wa ya zauna da su."

Na ɗauki gindi guda na karkata shi ga rana. A kusurwa akwai guntun laka, rabin gidan zanzaro, ya shiga ta ramin waya ya yi gininsa. Da Sani ya buɗe, ginin ya tsage biyu. Na bi farantan shida ɗaya-ɗaya, sai ga ɗaya rabin manne a ƙarƙashin na huɗu. Na kifa su a hankali. Tsagin ya haɗu, ko gashi ba zai shiga ba. Na yi kabbara da ƙarfi har Mama ta farka.

Na biyu ma zanzaro ne ya haɗa mini. Na uku tsatsa: farantin ya yi tsatsa a gefe kamar siffar ganyen kuka, siffar kuma ta fito ja a cikin gindi ɗaya. Na huɗu wani ma'aikaci ne ya taɓa zubar da abin sha, ya bi ta tsakanin botin ya gangara, ya bushe baƙi, layin ya fara a faranti ya ƙarasa a roba.

Rana ta takwas saura gindi biyu da faranti biyu. Tsaf suke, ba laka, ba tsatsa, ba tabo. Na juya su tun hantsi har inuwa ta koma gabas. Ba komai.

Maigida ya tsuguna kusa da ni. "Ɗaure su kawai, Hajo. Ko ya yi daidai ko bai yi ba."

"Ban san wane ne na wane ba."

"Alhaji ma ba zai sani ba. Wanda ya ƙera su ma in ya taso ba zai sani ba."

"In ya tambaye ni hwa?"

"Ki ce i. Kalma guda. Biyun ga rabin buhu ne, kin sani?"

"Na sani."

"Kin ji Inna ta ce jibi za ta sake hawa tsani?"

"Na ji."

Na tashi na ɗauko tsohon zane na ƙulle guda huɗun a ciki, ban ɗaure su ba. Ba don na fi shi tsoron Allah ba ne. Abin da nake gani shi ne, Alhaji yana turo rabin kuɗɗi bisa maganata kawai. Ran da ya fara shakkar "i" ɗina, sauran talatin da huɗun ma sun zama abin shakka. Maigida bai ƙara yi mini magana ba har munka shiga mota washegari, har munka sauka Isa.

A shagon Kawu Alhaji ya same mu. Ya shimfiɗa darduma, ya fito da tasa sukundireba da 'yar tocila. Ba ya bin layi, daga tsakiya yake zarowa. Ya buɗe ɗaya, ya duba biro, ya duba gindi, ya rufe. Ya buɗe na biyu. Na uku ya daɗe bisa aisi yana motsa baki. Ni ina gefe Mama na cinyata, ina ta murza warwaron nan ban ma sani ba, sai da ta yi kuka.

Na biyar da ya buɗe ya ce, "Wannan ba takarda a ciki. Kuma na ga irin makonsa har guda huɗu. Da me kika haɗa shi?"

"Ɗaga shi a hankali, Alhaji. Dubi kusurwar hagu."

Ya haska. Ya kifa, ya ɗaga, ya sake kifawa. "Gidan zanzaro?"

"Ba ni in ji," in ji Kawu. Anka kai masa yatsa wurin. Ya shafa tsagin, sai ya fashe da dariya har da tari. "Alhaji, wanga shaida ta fi ta biro. Mai biro yana kuskure."

Alhaji ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ya ce kada wanda ya kankare lakar, haka zai tura shi. Sai ya nuna ƙullin zane. "Wancan fa?"

"Biyu ne. Mako ɗaya, masana'anta ɗaya, ba wata alama. Ban san wane ne na wane ba."

Ya kwance, ya gwada su haka, ya gwada su haka, ya ɗaga kafaɗa ya mayar mini. "Waɗannan ba zan ɗauka ba." Maigida ya kalli rufin shago.

Talatin da huɗu ya ɗauka, kuma ya rage farashi, don sukurori sun cakuɗe, marfi biyu sun tsage a buhu, kayan kuma an riga an buɗe. Ba mu yi gardama ba. Daga shagon kasuwa munka wuce, munka sayi dawa buhu biyu da 'yar gyaɗa. Da munka iso gida Inna ta taɓa buhunan, ta ɗauke tsanin daga jikin rumbu ta kai bayan ɗaki. Kibod biyun nan suna ƙarƙashin gadona har yau cikin zanensu. Sani kuwa shi ke ɗauko mana kaya har yanzu, don ba wanda ya kai shi sanin hanya, amma kafin ya tashi sai Maigida ya laluba aljihunsa ya karɓe sukundireba.

Ruwa ya sauka a makare, amma ya sauka. Ranar shuka na goya Mama na kai musu fura gona. Maigida yana gaba yana sara da sungumi, Inna tana bayansa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Sun faro daga bakin hanya, irin dami biyun da sunka rage yana cikin ƙwarya a hannunta. Ina isowa sunka kai gindin gawon da ke tsakiyar gona, ta kifa ƙwaryar ta buga bayanta, ƙwaya uku sunka faɗo. Daga gawon zuwa iyakar gona ƙasa ce jiƙaƙƙiya, baƙa, ba komai cikinta.

Maigida ya dogara da sungumi yana kallon wajen. Ya daɗe.

Inna ta karɓi furar daga hannuna, ta kurɓa, ta miƙa masa. Ta kwance Mama daga bayana ta ɗaga ta sama tana jin nauyinta.

"Bar kallon can," ta ce masa. "Wancan gefen mun riga mun girbe. Ga shi nan hannuna."